Landcare a Ostareliya: tambayoyi da amsoshi kan maƙwabtan da suka haɗu don farfaɗo da ƙasarsu

A karkarar Ostareliya akwai wata alama da ake yawan gani a ƙofar gonaki da bakin rafuka: tafukan hannu biyu da suka haɗu suka ba da siffar taswirar ƙasar. Alamar Landcare ce, wato gamayyar dubban ƙananan ƙungiyoyin sa-kai da ke gyaran ƙasa da ruwa da daji a yankunansu. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da tarihinta.

Mece ce Landcare? Hukumar gwamnati ce ko ƙungiya mai zaman kanta?

Ba ma'aikata ba ce, kuma ba ƙungiya ɗaya ba ce mai hedikwata da rassa. Tushenta ƙananan ƙungiyoyi ne na maƙwabta, yawanci gidaje goma zuwa 'yan gomomi, waɗanda ruwan gonakinsu ke gangarawa rafi ɗaya. Kowace ƙungiya ita ke zaɓen shugabanninta, ita ke yanke abin da za ta sa a gaba, ita ke riƙe asusunta. A samansu akwai gamayyar yanki, sai ta jiha, sai ta ƙasa, amma aikin waɗannan na sama shi ne nemo kuɗi da horo da inshora da kai kuka gaban gwamnati. Ba su da ikon ba ƙungiyar ƙauye umarni. A yau ana ƙiyasta ƙungiyoyin sun kai wajen 6,000, masu aikin sa-kai kuma sun haura 100,000.

Wace irin lalacewa ce ƙasar ta yi har ake bukatar wannan?

Nan ne gindin labarin, don haka sai mun ɗan daɗe a kai.

Tun daga 1788 da Turawan Ingila suka fara zama a nahiyar, noma da kiwo irin na Turai aka ɗora a kan ƙasar da ba ta saba da shi ba. An sare dazuzzukan itacen turare da sauran itatuwan asali, an shuka alkama, an sako tumaki da shanu. Har cikin ƙarni na 20 gwamnatoci na raba filaye da sharaɗin sai mutum ya share dajin da ke ciki, kuma akwai rangwamen haraji ga mai sharewa. Manomin da ya sare itace a lokacin bin doka yake yi.

Babbar masifar da ta biyo baya ita ce tasowar gishiri. Ƙasar Ostareliya tsohuwa ce, kuma akwai gishiri mai yawa kwance a ƙarƙashinta, wanda iska da ruwan sama suka ɗebo daga teku cikin dubban shekaru. Itatuwan asali suna da dogayen saiwoyi, suna shanye kusan duk ruwan da ya sauka, saboda haka ruwan ƙarƙashin ƙasa yana can ƙasa sosai, gishirin na zaune lafiya. Alkama da ciyawar kiwo kuwa saiwarsu gajera ce, kuma wata kaɗan suke yi a raye. Ruwan da ba su sha ba sai ya ci gaba da nutsewa, ruwan ƙarƙashi ya riƙa hawa shekara bayan shekara, yana narkar da gishirin yana tahowa da shi. Idan ya rage kamar mita biyu ya iso sama, zafin rana ya ja shi, ruwan ya tafi, gishirin ya tsaya. Fili ya yi fari fat, itatuwan da suka rage su bushe a tsaye, rafi ya koma ruwan zartsi. Wani binciken ƙasa da aka fitar a 2001 ya nuna kimanin hekta miliyan 5.7 na cikin wannan haɗari, kuma adadin na iya kaiwa miliyan 17 zuwa 2050.

Abin lura shi ne wanda ya share daji a kan tudu ba lallai shi ne gonarsa ke lalacewa ba. Maƙwabcinsa na kwari shi ke kwasar gishirin, wani lokaci bayan shekara ashirin ko talatin. Duk ƙoƙarin da na kwari zai yi a cikin shingensa, in na tudu bai dasa itace ba, aikin banza ne.

Haka batun zomaye. A 1859 wani mai gona, Thomas Austin, ya saki zomaye 24 a gonarsa kusa da Geelong a jihar Biktoriya don farauta. Kafin shekara ɗari sun zama ɗaruruwan miliyoyi, suna cinye tsiro tun yana fitowa, suna haƙa ramukan da ke zama kwazazzabai. Cutar da aka sako musu a 1950 ta rage su ƙwarai, amma ba ta ƙarar da su ba. In ka rushe ramukan gonarka maƙwabcinka bai rushe nasa ba, kafin damina ta zagayo sun dawo. Ciyayin da aka shigo da su daga waje su ma ba su san iyakar gona ba.

Sai fari na 1982 zuwa 1983 ya kai matsalar har cikin birni. Ranar 8 ga Fabrairu 1983 guguwar ƙura ta kwaso ƙasar noma daga yankin Mallee ta rufe birnin Melbon da tsakar rana. Kwana takwas bayan haka gobarar daji ta kashe mutum 75 a Biktoriya da Ostareliya ta Kudu. Daga nan mutanen birni suka daina ɗaukar zaizayar ƙasa a matsayin damuwar manoma kaɗai.

A ina aka fara, kuma su wane ne suka fara?

An ƙaddamar da ƙungiya ta farko ranar 25 ga Nuwamba 1986 a Winjallok, wani ɗan yanki na makiyayan tumaki kusa da garin St Arnaud a Biktoriya. Mata biyu ne suka tsaya a kan shirin. Ɗaya ita ce Joan Kirner, ministar kula da dazuzzuka da filaye ta jihar, 'yar jam'iyyar Leba, wadda a 1990 ta zama mace ta farko da ta shugabanci gwamnatin Biktoriya. Ɗayar kuma Heather Mitchell, shugabar ƙungiyar manoman jihar, wadda a siyasa take ɓangaren masu ra'ayin riƙau.

Kirner ta fito ne daga gwagwarmayar ƙungiyoyin iyayen yara a makarantun gwamnati, ta san yadda jama'a ke aiki idan abu nasu ne. Ta kuma san manoma ba za su saurari ministar Leba daga birni ba sai da bakin wani nasu. Shigowar Mitchell ce ta buɗe ƙofar gonaki.

To kafin 1986 ba a yin komai ne?

Ana yi. Jihohi suna da hukumomin kare ƙasa tun shekarun 1930 da 1940, sai dai tsarinsu na malamin gona ne da ke zuwa ya gaya wa manomi ɗaya abin da zai yi. A 1982 aka kafa Greening Australia don dashen itatuwa. A shekarar kuma Ostareliya ta Yamma ta gyara dokarta don ba da damar kafa kwamitocin kare ƙasa na gundumomi, shi ya sa mutanen can har yau suna cewa su ma da su aka fara, kuma suna da gaskiya. A 1984 wani shiri da gidauniyar Potter ta ɗauki nauyi ya gwada sake tsara gonaki 15 a kusa da garin Hamilton na Biktoriya bisa yanayin ƙasa da ruwa maimakon bin layin taswira. Abin da 1986 ta ƙara shi ne suna guda da tsari guda da kowa zai iya ɗauka.

Yaya abin jiha ɗaya ya zama na ƙasa baki ɗaya?

Ta hanyar ƙawancen da ba wanda ya zata. A shekarun 1980 ƙungiyar manoma ta ƙasa da babbar ƙungiyar masu kare muhalli ba sa ga maciji da juna. Manoma na ganin waɗancan 'yan birni ne da ba su taɓa riƙe shebur ba, su kuma suna ganin manoma su ne masu ɓarnar. Rick Farley, daraktan ƙungiyar manoma, da Phillip Toyne, shugaban ta muhalli, suka ajiye wannan gefe suka rubuta takarda ɗaya suka kai wa firayim minista Bob Hawke. Toyne lauya ne da ya yi wa 'yan asalin ƙasar aiki a tsakiyar hamada, yana cikin waɗanda suka tsaya har aka mayar musu da dutsen Uluru a 1985.

Ɗan siyasa ba ya ƙin abin da ɓangarori biyu masu gaba suka kawo masa a faranti ɗaya. Ranar 20 ga Yuli 1989, a garin Wentworth inda kogunan Murray da Darling suka haɗu, Hawke ya sanar da cewa shekarun 1990 za su zama shekaru goma na Landcare, da dalar Ostareliya miliyan 320, tare da shirin dasa itatuwa biliyan ɗaya. A wannan shekara aka kafa kamfanin Landcare Australia, wanda ba na neman riba ba, don tallata shirin da nemo gudummawar 'yan kasuwa. Andrew Campbell ne ya fara riƙe muƙamin mai haɗa kan ƙungiyoyi na ƙasa.

Yaɗuwar ta wuce lissafin masu shirin. Zuwa ƙarshen shekarun goma ƙungiyoyi sun haura 4,000, kuma fiye da ɗaya cikin uku na manyan gonakin ƙasar akwai wani a gidan da ke cikin wata ƙungiya.

Me ƙungiya take yi a aikace?

Yawanci aikin hannu ne mai gajiyarwa. Ana ja wa rafi shingen waya don shanu su daina tattake gaɓa, a kai musu ruwan sha a kwami can gefe. Ana tara irin itatuwan yankin, a rene su a lambun dashe, ko a shuka irin kai tsaye da inji a layi mai tsawon kilomitoci. Ana sa rana ɗaya kowa ya rushe ramukan zomaye ko ya yi feshin muguwar ciyawa. Inda gishiri ya taso ana kafa bututu a ƙasa don auna hawan ruwa, a dasa itatuwa a tudu, a shuka tsirrai masu jure gishiri a kwari don tumaki su ci. Injin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ƙungiya ke saya, a riƙa karɓa-karɓa.

Mai karatu zai ga kamar gayya ce, kuma da kama, sai dai ita tana da rajista da ma'aji da rahoton kuɗi na shekara.

A ganina abin da ya fi dashen muhimmanci shi ne zagayen gonaki. Mambobi kan taru a gonar ɗayansu, su bi ta da ƙafa, ya nuna musu inda ya gwada abu ya yi da inda bai yi ba. Manomin da zai yi wa malamin gona musu ba ya yi wa idonsa musu idan ya ga ciyawa ta dawo a kwazazzabon maƙwabcinsa. Kafin wannan zamani, fili mai gishiri abin kunya ne da ake ɓoyewa don kada darajar gona ta faɗi. Ƙungiyoyin suka mayar da shi abin da ake zancensa a fili.

Ana biyan mambobi?

A'a. Tallafi kan sayi waya da iri da man inji, mai gona ya sa ƙarfinsa da filinsa, sau da yawa har da kuɗin aljihunsa. Wanda ake biya shi ne kodineta, mutum ɗaya da ke kula da ƙungiyoyi da yawa a yanki, sau da yawa ma ba cikakken aiki ba ne. Shi ke cika takardun neman tallafi, ya kira taro, ya haɗa manoma da masana, ya tuna wa kowa ranar aiki. Duk lokacin da gwamnati ta janye albashin kodinetoci, ƙungiyoyi da yawa sun yi sanyi, wasu sun mutu. Albashin nasa ƙaramin kuɗi ne, amma shi ake fara yankewa, saboda minista ba ya iya ɗaukar hoto da shi kamar yadda zai ɗauka da itacen da ya dasa.

Ina kuɗin ke fitowa, kuma ya taɓa yankewa?

Mafi yawa daga gwamnatin tarayya ne, sai jihohi, sai kamfanoni. Kusan kowace sabuwar gwamnati sai ta sauya wa shirin suna da ƙa'ida.

A 1997 gwamnatin John Howard ta sayar da kashi ɗaya cikin uku na kamfanin sadarwa na Telstra, ta kafa asusun muhalli na dala biliyan 1.25. Kuɗi ya shigo fiye da da. Sai aka fara ƙorafin cewa an watsa shi a ƙananan ayyuka dubbai da ba a iya auna amfaninsu. Saboda haka a farkon shekarun 2000 aka raba ƙasar zuwa yankuna 56, kowanne da hukumar kula da albarkatun ƙasa, kuɗi ya koma bi ta hannunsu. Hujjar tana da ƙarfi, domin matsalar kogi guda ba ta warwaruwa da aikin ƙauye ɗaya. Amma ƙungiyoyi da yawa sun ji an mayar da su 'yan kwangilar cika burin da aka tsara a ofis, alhali su suka fara abin.

A 2008 gwamnatin Kevin Rudd ta kawo nata tsarin, inda ake gasar neman tallafi bisa abubuwan da tarayya ta fifita, kuma a wannan sauyi kodinetoci da dama sun rasa aiki. A 2014 gwamnatin Tony Abbott ta dawo da sunan Landcare a kan shirin ƙasa, amma ta rage kasonsa, ta zuba kuɗi a wani shirin ɗaukar matasa aikin muhalli na 'yan watanni, wanda shi ma bai yi tsawon rai ba. Itace na bukatar shekara ashirin, tallafi kuwa na shekara ɗaya zuwa uku ne. Wannan saɓani bai taɓa warwarewa ba.

Wa ke magana da yawun ƙungiyoyin a matakin ƙasa?

Hukumomi biyu ne, kuma mutane kan rikita su. Landcare Australia ta 1989 aikinta talla ne da tara gudummawa da shirya kyaututtukan ƙasa. National Landcare Network kuwa an kafa ta a 2011, mambobinta su ne gamayyar jihohi da yankuna, ita ce muryar masu aikin sa-kai. Ta fito ne daga wancan ƙorafi na cewa ana yanke shawara a kan ƙungiyoyi ba tare da su ba.

Manoma ne kaɗai a ciki?

Da farko su ne mafi yawa. Daga baya aka samu masu kula da gaɓar teku da tuddan rairayi, da masu gyaran ragowar daji a cikin birane, da shirin yara 'yan makaranta. A yammacin Biktoriya, tun ƙarshen shekarun 1990, mutanen Melbon kan yi tafiyar sa'o'i zuwa yankin Hindmarsh a ƙarshen mako su dasa itatuwa don haɗa dazuzzuka biyu da gonakin alkama suka raba. Mata kuma sun samu shugabanci a waɗannan ƙungiyoyi fiye da yadda suka samu a tsofaffin ƙungiyoyin manoma.

Ina matsayin 'yan asalin ƙasar?

Sun yi dubun-dubatar shekaru suna kula da wannan ƙasa, musamman da ƙananan gobara da suke sawa a farkon rani don kada babbar wuta ta samu abin ci daga baya. Landcare ta farko ba ta ba su wuri sosai ba, domin ta ginu ne a kan masu takardar mallakar gona, su kuma an ƙwace musu tasu. Hanyarsu ta bi ta wani gefen. A 1997 aka fara shirin yankunan kariya da ke hannunsu, na farko shi ne Nantawarrina a Ostareliya ta Kudu a 1998, sannan a 2007 tarayya ta fara biyan albashin masu gadin daji daga cikinsu. Yanzu ana aiki tare a wurare da yawa, kuma bayan gobarar 2019 zuwa 2020 manoma da dama sun nemi koyon yadda suke sarrafa wuta.

To an yi nasara ko ba a yi ba?

Ya danganta da abin da aka auna. Idan tunanin mutane ne, nasarar babba ce. Manomin da kakansa ya samu yabo don share daji yanzu yana alfahari da layin itatuwan da ya dasa. Akwai rafuka da yankuna da ake iya nuna bambancinsu a hoton da da na yanzu.

Idan kuwa lafiyar ƙasar gaba ɗaya ce, amsar ba ta da daɗi. A shekarun da masu sa-kai ke dasa itatuwa ɗaya bayan ɗaya a kudu, manyan motoci masu jan sarƙa suna kwantar da dubban ɗaruruwan hekta na daji kowace shekara a jihar Queensland. Doka ce ta taka wa wannan birki a ƙarshen 2006, ba lallashi ba, kuma da aka sassauta dokar a 2013 saran ya sake tashi. Rahoton halin muhalli na ƙasa da aka fitar a 2022 ya ce yanayin ba shi da kyau kuma yana ƙara lalacewa. Ko sauƙin da aka samu na gishiri a wasu yankuna, dogon farin shekarun 2000 da ya janye ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da hannu a ciki.

Masu suka na cewa gwamnatoci sun samu hanya mai arha ta nuna suna aiki, sun ɗora wa masu sa-kai nauyin da ya kamata doka da kasafin kuɗi su ɗauka. Ina ganin sukar ta yi daidai, amma gwamnati ta dace da ita, ba mutanen da suka ba da ranakun hutunsu ba.

Tsarin ya tsallaka wasu ƙasashe?

Ya tsallaka. New Zealand ta kafa tata gidauniyar a 1996. A wannan shekara manoman Claveria a tsibirin Mindanao na Filifin suka fara ƙungiyoyinsu, inda suke barin layin ciyawa a kwance a jikin gangare don tare ƙasa. Afirka ta Kudu ta ɗauki shirin a 1997, sai dai a can ya fi karkata ga samar da aikin yi da gwamnati ke biya. Akwai kuma ƙungiyoyi a Kapchorwa da ke gindin dutsen Elgon a Yuganda. Jamus tana da nata mai kama da wannan da ya faro a Bavaria a 1986, ba tare da ya kwaikwayi na Ostareliya ba.

Yana da alaƙa da farfaɗo da itatuwa da aka yi a Maraɗi?

Ba reshen Landcare ba ne, ko da yake mutane kan haɗa su saboda Tony Rinaudo, wanda ya yi aiki da manoman Maraɗi tun farkon shekarun 1980, ɗan jihar Biktoriya ne. Aikin Maraɗi ya ma riga Winjallok, tun 1983 aka fara shi. Hanyar kuma daban ce. Maimakon dashe, manomi na barin kututturen gawo ko kalgo ko sabara da ke gonarsa ya yi toho, ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya sassabe sauran. An ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a yankunan Maraɗi da Damagaram, kuma da kuɗi kaɗan ƙwarai idan aka gwada da abin da Ostareliya ta kashe. Inda suka yi kama shi ne yadda abin ya yaɗu daga manomi zuwa maƙwabcinsa, da kwamitocin ƙauye da ke hana saran itacen wani. A 2018 Rinaudo ya samu lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood, a shekara ɗaya da manomi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Mene ne ya fi damun ƙungiyoyin a yanzu?

Tsufa da gajiya. Waɗanda suka kafa ƙungiyoyi a shekarun 1990 sun manyanta, gonaki na haɗewa suna zama manya a hannun mutane kaɗan ko kamfanoni, ƙauyuka na raguwa, kuma mutum ɗaya kan riƙe sakatare da ma'aji shekara da shekaru don babu mai karɓa. Takardun tallafi sun ƙara yawa. Fari da gobara da ambaliya na zuwa kusa da kusa, wani lokaci su shafe dashen shekara goma a yini ɗaya. Sababbin mambobi sun fi fitowa daga gefen birane da masu ƙananan filaye da suka ƙaura karkara. Wasu jihohi, musamman Biktoriya da New South Wales, suna biyan kodinetoci daga kasafinsu, amma na 'yan shekaru ne a kowane zagaye, kuma duk ƙarshen zagaye sai gamayyar jihar ta sake komawa majalisa neman a sabunta.